Ina Ya Kamata Maharbi Ya Tsaya?

Kowane maharbi ya sani, da rani tilas namun daji su gangaro bakin ruwa. Wanda ya laɓe a mashaya, iska tana busowa daga wajen nama zuwa wajensa, da wuya ya koma gida hannu wofi. Wanda ya hau duwatsu neman gada kuwa, ya kan wuni yana bin sawu, ga ƙaya ga ƙishirwa. To, wanne ne bisa hanya?

Mu dai a ganinmu na biyun ne. Gama mashaya ta kan tara har da mai ciki da mai shayarwa, kibiya kuwa ba ta tambaya. Dajin da ba gonar kowa ba ne, ai na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Don haka aka keɓe dajin Yankari a 1956, aka hana harbi a cikinsa.

Ku 'yan makaranta, ku lura. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya ci ba tare da gudu ba, sau da yawa rabon wani ya ci.