Wa Zai Nuna wa Yaro Hanya?

'Yan'uwa, akwai tambaya da ta ke damun iyaye masu bi a Shagari da Boɗinga. Idan makarantar sakandare ba ta ba yaro isasshiyar shawara a kan karatun gaba ba, daidai ne uba ya tafi neman shawara a wani wuri? Waɗansu suna ganin wannan raini ne ga malamai.

A dā tambayar nan ba ta da wuri, gama hanya ɗaya ce. Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin nan a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya shiga Midil ta Sakkwato, daga nan aka kai shi Kwalejin Kaduna a 1941, ya komo ya zama malami. Yaran zamanin nan malamai ne da hukuma su ke zaɓa musu inda za su. Yau fa hanyoyi sun yi rassa. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, ga kwalejin horon malamai, ga makarantar koyon jinya, ga ta fasaha, kowace da ƙofarta.

Ku duba yadda ƙofofin nan su ke. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba yaro a darussa huɗu, Turanci kuwa dole ne a ciki. Mai son likitanci sai ya haɗa da fizis da kimistiri da bayoloji. Mai son aikin lauya sai da adabin Turanci. Amma zaɓen darussan nan tun a aji ɗaya na babbar sakandare a ke yinsa, sa'ad da yaro bai san ma abin da ya ke zaɓa ba. Wanda ya bar kimistiri a wannan shekara domin abokinsa ya bari, ya rufe wa kansa ƙofa, ba kuwa zai sani ba sai bayan shekara uku. Tsarin ilimi na ƙasa tun 1977 ya ambaci a sa masu ba da shawara a makarantu, amma malamin da aji ya cika masa maƙil, ina zai sami zarafin zama da kowane yaro shi kaɗai?

Domin wannan ni dai ban ga raini a nan ba. Allah bai ba makaranta ɗan nan ba, ku ya ba. Musa da kansa, wanda Ubangiji ya yi magana da shi, ya karɓi shawarar surukinsa Yetro, bai kuwa ƙasƙanta ba. Sai dai uba ya fara zuwa wurin malamin ajin tukuna, ya gaishe shi, ya ji ta bakinsa, gama shi ne ya ga takardun yaron kowace rana.

Inda haɗarin ya ke wani wuri ne dabam. Rehobowam ma ya nemi shawara, har sau biyu. Ya ji ta dattawa ba ta yi masa daɗi ba, sai ya nemi samari waɗanda za su faɗa masa abin da zuciyarsa ta riga ta so, mulki kuwa ya tsage a hannunsa. Uba da yawa da ya ce shawarar makaranta ba ta isa ba, abin da ya faru shi ne malam ya gaya masa gaskiya: ɗanka ba shi da ƙarfi a lissafi, amma hannunsa yana da albarka, ko kuwa yana da baiwar koyarwa. Uban kuwa so ya ke a ce da shi baban likita. Sai ya yi ta yawo har ya gamu da mai shagon kwamfuta a birni wanda zai ce, kawo kaza, na san wani a ciki. Wannan cin hanci ne, ko da an sa masa suna taimako, yaron kuma yana kallo yana koyo. A dukan yawon nan, an tambayi yaron kuwa abin da shi ya ke so? Sau da yawa shi ne na ƙarshe da a ke ji.

Akwai kuma wani abu da ya fi taɓa ni. Mai albashi yana iya hawa mota zuwa Sakkwato ya tambayi abokinsa a jami'a. Gwauruwa mai tuyar ƙosai fa, wa za ta tambaya? Idan kowa ya nema wa nasa kaɗai, ɗanta zai zauna da shawarar da mu muka ce ba ta ishi namu ba. Mu masu bi a ƙasar nan ba mu da yawa, duk da haka da wuya a rasa malami ko ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin jami'a a cikin taron sujada. Dattawan ekklesiya su roƙe su su zauna da yara da iyayensu wata Lahadi da yamma, tun kafin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare su zaɓi darussa, a bar ƙofa kuma a buɗe ga 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi idan sun so zuwa.