Ƙaya Cikin Jiki: Mai Bi Da Ciwon Sukari

Karatu: 2 Korintiyawa 12:7-10

A Mutum Biyu, hedkwatar ƙaramar hukumar Gassol, wani dattijon ikkilisiya, manomin doya, ya yi watanni yana fama da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ga rama ko da yake yana cin abinci. Da 'ya'yansa suka kai shi asibiti a Jalingo, aka auna jininsa kafin karin kumallo har sau biyu, sukarin ya wuce 126, ma'aunin da likitoci ke tabbatar da ciwon da shi. Likita ya ce ciwon sukari ne nau'i na 2, kuma zai zauna da shi. A hanyar komawa gida tambaya ɗaya ce ta cika zuciyarsa: wane zunubi ya yi?

Almajirai ma sun yi wa Yesu irin wannan tambaya game da mutumin da aka haifa makaho (Yohanna 9:1-3), Ubangiji kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Ciwon sukari ba la'ana ba ce, ba kuwa sammu ba ne. Jiki ne ya kasa amfani da insulin yadda ya kamata, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Gado, shekaru, ƙiba da rashin motsa jiki suna da hannu a ciki. Fiye da 90 cikin 100 na masu ciwon sukari a duniya wannan nau'in ne suke da shi.

Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 ya kawar masa da ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ta ba, amma an ba shi alherin ɗaukarta, ya kuwa ci gaba da aikin bishara. Nan ne darasin yake. Karɓar maganar likita ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Annabi Ishaya, wanda ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, shi ne kuma ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa (Ishaya 38:21). Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Saboda haka, wanda ya ajiye ƙwayar metformin domin an ɗora masa hannu, ba tare da sabon awo ba, gwada Allah yake yi. Sukarin da aka ƙyale yana cin idanu, ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Manomi na iya taka ƙaya bai ji ba, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. Mai wannan ciwo ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya shiga gona ba takalmi, kada kuma ya ɗauki dogon azumi sai da shawarar likita.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwargida ta rage malmalar tuwo da sakwara, ta ƙara ganye, wake da kifi. A janye lemon kwalba da shayi mai sukari daga teburin gida duka, don kada majiyyaci ya zama bare a gidansa. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana 5 a mako, magani ce da ba a biya. Zumuntar Mata da dattawa su ziyarce shi, su taimaka da kuɗin magani da na mota zuwa awo, gama ɗaukar nauyin juna cika shari'ar Almasihu ne.

Dattijon nan yana nan yana noma, yana shan maganinsa, yana zuwa sujada. Ƙayar ba ta fita ba, amma tambayarsa ta sāke: yanzu yana neman yadda zai girmama Allah da jikin da aka ba shi amana.

Ubangiji ya ba marasa lafiya haƙuri, ya ba iyalansu ƙauna mai jimrewa, cikin sunan Yesu. Amin.