Ilmin Wa Muke Ɗauka?

A hutun bara na tafi wani ƙauye a ƙasar Kiru da rikoda da takardar tambayoyi, ina neman bayani a kan magungunan gargajiya saboda kundin digirina. Wani dattijo ya yini yana lissafa mini saiwoyi da sassaƙe. Da na miƙe zan tafi sai ya ce, "Yaro, na ba ka nawa, kai kuma me za ka komo mana da shi?" Wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Jama'a, shin ilmi na wanda ya rubuta ne, ko na wanda ya sani? Ba mu kaɗai muke fama da wannan ba. A can ƙurewar arewacin duniya, ƙasar ƙanƙara, akwai mutanen da ake kira Inuwit. A 1845 wani Baturen Ingila, John Franklin, ya shiga tekunsu da jiragen ruwa biyu, suka ɓace da mutum 129. Inuwit sun daɗe suna faɗin abin da kakanninsu suka gani, amma aka ɗauke shi tatsuniya. Sai a 2014 aka gano jirgi ɗaya a yankin da suke nunawa, a 2016 kuma bayanin wani Ba'inuwice ya kai masu bincike ga na biyun. A 2018 ƙungiyar Inuwit ta Kanada ta fito da tsarinta, wato kada a yi bincike a ƙasarsu sai da bakinsu a ciki.

To, mu dawo gida. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta kuma kawo noman rani a Kadawa. Amma ƙauyuka sun tashi, ambaliyar da manoma da masuntan Haɗejia da Nguru suka dogara da ita ta ragu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka nan dajin Falgore: wa ya fi mafarauci da makiyayin Doguwa da Tudun Wada sanin mashayarsa?

Wani zai ce ai tsoho bai san awo da lissafi ba. Gaskiya ne, kuma jiragen nan ma sai da na'ura aka tabbatar da su. Amma na'ura ba ta san inda za ta duba ba sai da aka nuna mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ganina abin da aka ba mu amana ce. Mu shawarci mutane tun kafin mu tsara tambaya, mu ambace su in sun yarda, mu kuma mayar musu da sakamakon da Hausa. Ni dai ina da bashin dattijon nan a wuyana. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi, amin.