Girman da aka saya da kuɗi, girma ne?

Maganarmu ta yau ta abinci ce, amma ba ta tuwon gida ba. Ta manyan gidajen abinci ce na birni, waɗanda ake kira restora. Da yawa cikinku sun je Yamai cin rani ko ziyarar dangi. Kun wuce ta ƙofar irin waɗannan wurare, kun ga motoci jere da maigadi a tsaye. Wasunku ma ƴaƴansu ne ke wanke kwanoni a ciki. Ashe zancen ya shafe mu, ko da ba mu taɓa zama bisa kujerunsu ba.

Akwai su cikin manyan otel, kamar Gaweye da aka gina bakin kogi kusa da gadar Kennedy, ko Radisson Blu da aka buɗe a 2019, shekarar da shugabannin Afirka suka yi taro a Yamai. Akwai kuma masu zaman kansu cikin unguwanni. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Kana isa, wani zai buɗe maka ƙofa. Waje ana zafi, ciki sanyi kamar asubahin hunturu. Fitila ba ta da ƙarfi, kiɗa a hankali, mutane na magana ƙasa-ƙasa. An shimfiɗa farin ƙyalle bisa tabur. Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Mai kawo abinci, wanda ake kira garso, zai ja maka kujera, ya miƙo takarda. Cikinta an rubuta kowane abinci da kuɗinsa. Abincin kuma ba a kawo shi gaba ɗaya. A fara da ɗan ganye ko romo, sannan babban abinci, daga baya wani abu mai zaƙi. Kowa da asitinsa, ba mai sa hannu a na wani.

To, me ke cikin asitin? In ka duba da kyau, kayan gida ne. Giwan ruwa daga kogi, zabo daga ƙauye, albasa daga Galmi, tumatir daga lambu. Ƙila zabon da matarka ta sayar ran kasuwa ne, an yanka shi huɗu, kowane yanki ya fi zabon tsada. Kada ka yi saurin cewa cuta ce. Akwai kuɗin gini, da wutar lantarki, da haraji, da albashin kuku wanda ya yi shekaru yana koyon girki. Amma babban abin da ake sayarwa a wurin ba ya cikin tukunya. Girmamawa ce. Ka biya, a yi maka hidima kamar sarki na awa biyu.

A Faransa aka fara wannan sana'a, cikin birnin Paris, wajen shekara ta 1765. Da farko kalmar restora sunan wani romo ne da ake ba marar ƙarfi don jikinsa ya dawo. Kafin nan, mai sarauta ne ke da kuku da barori cikin gidansa. Matafiyi kuwa sai ya zauna tare da jama'a a masauki, ya ci abin da aka dafa, a lokacin da aka sa. Sai ga wuri inda kowa zai samu taburinsa, ya zaɓi abin da ransa ke so. Bayan juyin mulkin 1789 irin waɗannan gidaje suka yawaita. Abin da haihuwa kaɗai ke bayarwa, sai kuɗi ya fara bayar da shi. Wannan ci gaba ne ta wani gefe, don ba a tambayar wane ne ubanka. Amma ana tambayar aljihunka.

Mu ma mun san girmama mai cin abinci. Baƙo ya sauka, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a dama hura, in da hali a yanka kaza. Ba mai kawo masa takardar kuɗi. Sai dai kada mu cika baki. A ƙauye ma, mai babbar riga aka fi yanka wa kaza, almajiri kuwa ƙanzo. Kuma saukar baƙo kamar biki ce, gobe kai ma za ka sauka gidansa. Bambancin shi ne, mai masaukinka kai yake girmamawa, da sunanka da na gidanku. Bayan shekara goma in kun haɗu a tasha, zai rungume ka. A restora, kujerar ake rusuna wa. Kana tashi wani ya zauna, a yi masa irin murmushin da aka yi maka.

To ƙarya ce ke nan? A ganina ba ƙarya ba ce. Garso ba munafuki ba ne, mai sana'a ne. Ku tuna maroƙi ran suna. Kowa ya san biyansa ake yi, amma ba mai cewa ya yi sata, kuma in ya iya aikinsa har tsigar jiki ke tashi. Haka garso. Ya ɗauki asiti huɗu a hannu biyu, ya riƙe a ka abin da mutum goma suka ce a kawo, ya tsaya da ƙafafunsa har tsakar dare bai ɓata fuska ba. Wannan gwaninta ce, ta cancanci lada.

Inda haɗarin yake, wajen mai cin ne. Akwai wanda in an rusuna masa sau uku sai ya manta cewa saye ya yi. Ya ɗauka lalle shi ya fi mai rusunawar. Sai ka ji yana buga tabur, yana ce wa mai furfura "kai yaro". Ga lissafi, ku yi shi a allo. Tun watan Janairu na 2024, albashi mafi ƙanƙanta da doka ta sa a Nijar jika 42 ne a wata. A ce mutum huɗu sun zauna, kowa ya ci na jika 10. Nawa ke nan? Jika 40. Cikin dare ɗaya sun cinye kusan albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuma ƙila irinsa ne ke tsaye a kansu. Shi ya san wannan lissafin, don shi ke kawo takardar. Duk da haka ya ce musu a sauka lafiya. A taburin nan, wa ya fi nuna halin manya?

Wasu za su ce shiga wurin ma almubazzaranci ne, a bar shi gaba ɗaya. Ban yarda da su duka ba. Mutum ya nemi halalinsa, rumbunsa da hatsi, ƴaƴansa sun ƙoshi, ya fitar da hakkin talaka. Ya ɗauki matarsa, wadda ta yi shekara ashirin tana daka da girki ba wanda ya taɓa ɗora mata abinci a gaba, ya kai ta ta zauna a yi mata hidima rana ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Wanda nake tuhuma shi ne wanda bai ba da cefane ba ya tafi can don a gan shi, ko ya ci bashi don ya burge abokai. Akwai kuma masu ci da kuɗin jama'a, a taru a yi kwana uku ana zancen yunwar ƙauye ana yagar zabi. Wannan zance ne na wata rana.

Saura kai, mai karatu. Wata rana ɗanka ko ƙanenka da ke aiki a birni zai iya cewa ka zo ya kai ka. Na san dattijan da irin wannan gayyata ke hana su barci, don tsoron kunya. Suna cewa ba su iya cokali mai yatsu ba. Shekara 500 da suka wuce, sarkin Faransa ma da yatsunsa yake ci. Ka nemi ruwan wanke hannu ko cokalin da ka saba, za a kawo. Takardar abincin galibi da Faransanci take, amma lambobin su ne waɗanda ka koya, ka karanta kuɗin kafin ka ce a kawo. Ruwan kwalba ma saye ne. Ka tambaya ko akwai naman alade ko giya cikin girkin, don wasu girke-girken Turawa da su ake yi, kuma garso ya saba da tambayar. In an gama, ana barin ɗan tukuici, wannan nasa ne. Kafin ka tashi ka tambaye shi ɗan ina ne. Sau da yawa za ka ji ya ce Dogon Dutsi, ko Madawa, ko Tanut, shi kuma ya tambaye ka labarin damina.