SALLAR DA AKA GADA: FASKA, IDIN ƘETAREWA DA RIGIMAR ƘIDAYAR KWANAKI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya sanya rana da wata ma'aunin lokaci ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wani ɗan lakwal ya tare mu bayan sallar la'asar a nan Dakoro da tambaya: me ya sa Kirsimeti kullum 25 ga Disamba take, amma Faska, wadda a Nijeriya ake ce wa Ista, take yawo? A 2024 ta faɗo ranar 31 ga Maris muna cikin azumi, a 2025 kuwa sai 20 ga Afrilu. Kada wani ya ce ina ruwan Musulmi da wannan. Malaminmu Albiruni ya rubuta Al'asarul Baƙiya wajen shekara ta 1000 miladiyya, ya bi kalandar Yahudu da ta Nasara daki-daki, bai ga haka ya rage masa imani ba.

Ku sani, ya ƴan'uwa, Annabi Isa (AS) cikin Bani Isra'ila aka aiko shi, Hawariyawansa kuma da sallolin Yahudu suka tashi. Babbar cikinsu ita ce Idin Ƙetarewa, ta tunawa da fitar Annabi Musa (AS) da mutanensa daga hannun Fir'auna: a yanka ɗan rago ranar 14 ga watansu na Nisan, a yi kwana bakwai ana cin gurasa marar yisti. Yahudu da wata suke ƙidaya, amma suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai cikin kowace shekara 19, don kada sallar ta bar lokacinta. Mu an hana mu irin wannan ƙari a Suratut Tauba, shi ya sa azuminmu yake zagaya zafi da ɗari.

Littattafan Nasara sun ce a makon wannan salla aka kama Isa a Ƙudus, zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Masana tarihi suna sa abin a 30 ko 33. Abin da muka yi imani da shi yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 157, cewa ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. A nan ƙidayarsu muke bi. Tun daga tushe akwai saɓani a cikinta: ruwayar Matiyu da Markus da Luka ta nuna jibin ƙarshe shi ne na sallar, ta Yahaya kuwa ta sa abin ya faru ranar jajibere, lokacin da ake yankan raguna. Kwana hamsin bayan nan sai Idin Makonni na Yahudu, wanda ake kira Fentikos da Girkanci, ranar da Nasara suke ɗauka mafarin jama'arsu. Ashe manyan ranakunsu biyu na farko duk a kan sallolin Yahudu suka zauna. Kirsimeti baƙuwa ce daga baya: Linjila ba ta faɗi ranar haihuwa ba, kuma shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, a shekara ta 336.

Da Rumawa suka rushe masallacin Ƙudus a shekara ta 70, waɗanda ba Yahudu ba kuma suka yi rinjaye cikin mabiya, sai tambaya ta taso: da wace ƙidaya za a yi sallar? Mutanen Asiya Ƙarama, ƙasar Turkiyya ta yau, suka riƙe 14 ga Nisan ko wace rana ta faɗo. Mutanen Rum suka ce sai Lahadi. Wajen shekara ta 155 wani dattijo, Folikaf, shugaban Nasaran Samirna, ya yi tattaki zuwa Rum wurin shugabansu Anisetus. Suka tattauna, babu wanda ya rinjayi wani, kowa ya ce abin da ya tarar wajen magabatansa ke nan. Duk da haka suka yi ibada tare, mai masauki ya ba baƙo jagoranci don girmamawa, suka rabu lafiya. Ba a yi shekara arba'in ba, wani shugaban Rum mai suna Fikto ya tashi zai yanke mutanen Asiya daga jama'a gaba ɗaya a kan wannan magana, sai da Iraniyus na birnin Liyon ya rubuta masa yana tuna masa halin dattawan nan biyu.

A shekara ta 325 sarki Kustantin ya tara malamansu a Nikiya, aka yanke cewa kowa ya yi sallar rana ɗaya, kuma a daina dogara da ƙidayar Yahudu. Wasiƙar da sarkin ya aika bayan taron cike take da ƙyamar Yahudu. Ƙa'idar da ta zauna daga baya ita ce Lahadin da ta biyo cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Ga amsar yaronmu ke nan. To, haɗin kan ya samu? A 1582 Fafaroma Giregori ya gyara kalanda, ya tsallake kwana goma, Nasaran gabas suka ƙi bin sa a ƙidayar Faska. A 2024 na yamma sun yi 31 ga Maris, na gabas 5 ga Mayu, Yahudu kuwa suka shiga tasu da yammacin 22 ga Afrilu. Sunan ma bai bar asalinsa ba, don Faska daga kalmar Ibrananci ta Idin Ƙetarewa ta fito. Har miladiyyar da muke sa wa takardunmu, wani rahibi Diyonisiyus ne ya tsara ta a 525 yana lissafin ranakun Faska.

Shin aibi ne al'umma ta gaji rana daga wadda ta gabace ta? Mu dubi Ashura. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar Yahudu suna azumtar ranar don godiyar tsirar Musa. Bai ɓoye asalin ba, bai kuma guje ta don ƙin masu ita ba. Ya bayyana cewa mu muka fi kusa da Musa, ya azumta, ya yi umurni da azumi, daga baya ya yi niyyar haɗawa da ranar tara don a bambanta, rai bai kai shi shekarar ba. A ganinmu bambancin da aka gina a kan hujja daban yake da wanda aka gina a kan ƙiyayya, kuma na biyun bai cika tsayawa a kan baƙo ba, yakan juyo cikin gida.

Mu ma ba mu tsira ba. Mun sha ganin gari ɗaya da Idi biyu: wasu sun bi sanarwar Majalisar Musulunci daga Yamai, wasu ta Sarkin Musulmi daga Sakkwato da suka ji a rediyo, wasu sun ce sai idonsu ya gani. Saɓanin ganin wata tsoho ne. A hadisin Kuraibu mutanen Sham sun gani daren Juma'a, Ibn Abbas a Madina ya tsaya a kan daren Asabar, bai ce azuminsu ya ɓaci ba. Abin da yake sabo shi ne wa ya ƙi kai wa ƙanensa tuwon salla, ko a daina bin limami salla don ya sha ruwa kwana ɗaya kafin jama'a. Kwamitin masallaci zai zauna kan wannan magana kafin Sha'aban ya ƙare, kuma muna roƙon limaman unguwanni, har da waɗanda suka saɓa mana bara, su halarta.

Allah ne Mafi sani.