Nasiha ga Muridai bisa Haƙƙin Mata

  

Ya ku 'yan'uwa muridai, ku sani, wuridi ba shi wanke haƙƙin wani. Wanda ka raya dare da zikiri alhali matatai ba ta san farillan alwala ba, wannan shina ɗibar ruwa da kwando. Allah ya hukunta wa mace haƙƙoƙi: sadakinta nata ne, rabonta na gado nata ne, ci da tufa da mazauni suna bisa wuyan miji. Mafi girmansu ilimi, don da shi taka sanin sauran.

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi, ya zauna ƙasag ga ta Zamfara shekara 5 shina wa'azi, mata suna halarta. Wani malami ya zarge shi bisa haka, sai ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi, cewa barin su cikin jahilci shi ya fi muni. Cikin Nurul Albabi Shehu ya zargi malamai masu karantar da almajirai don a yabe su, su bar matansu da ɗiyansu cikin duhu. Ɗiyatai Nana Asma'u, wadda ta rasu 1864, ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, suna jagorancin 'Yan Taru daga ƙauyuka, suna komawa da karatu. An ruwaito kuma a Fas, mace ce, Faɗimatu, ta gina masallacin Ƙarawiyyin da dukiyar gadonta, shekara 859.

Ku tuna 2010. Anka kawo duwatsun zinariya cikin gidaje a Yargalma da Dareta da Abare, mata suna daka su, ƙura tana sauka inda yara ka rarrafe. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasag ga. Ajali na Allah ne, amma ya umurce mu da riƙon sababi. Uwayen nan ba su yi da gangan ba, ba a sanar da su ba ne. Kowace ƙasa ta duniya, hannun uwa ka kai ga bakin yaro, abin da ta sani shi ka tsare shi.

To, ya muridi, kamin ka ɗauki tasbaha ka tambayi ranka: na karantar da ita, ko na bar ta ta tai inda za a karantar da ita? Na ba ƙanwata rabonta na gona? Na nemi yardar ɗiyata kamin in ɗaura mata aure? In akwai saura, ka biya tun yau, don gobe ba a biya da kuɗi sai da lada.

Allah shi ba mu ikon sauke amana, albarkar Shehu Abdulƙadiri.