Hanta da Annobar Korona

 

Ka sani, ya ɗan'uwa, cutar korona da ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019 ta yi suna da kama huhu, amma ɓarnarta ta kai har ga hanta. Tun farkon 2020 likitoci suka lura, da yawa daga waɗanda aka kwantar sinadaran ALT da AST sun hau a jininsu, alamar hanta tana jin jiki. Hawan ya fi tsanani ga wanda ciwon ya kayar sosai.

Masana sun ambaci dalilai huɗu. Na farko, ƙwayar cutar tana shiga ta wata kafa mai suna ACE2, wadda ake samu a magudanan ruwan matsarmama. Na biyu, garkuwar jiki takan wuce gona da iri, kumburi ya game jiki. Na uku, ƙarancin iskar oksijin da daskarewar jini a ƙananan jijiyoyi. Na huɗu, magani kansa, domin hanta ce ke tace shi: remdesivir na asibiti, ko farasitamol na kemis in an zarce giram 4 a yini.

Cikin rahamar Allah, mafi yawan masu wannan rauni sukan warware. Abin tsoro yana ga wanda hantarsa ta riga ta lalace. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na baligai a Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Magungunan danne kumburi irin su dexamethasone suna iya tayar da shi. Hanta kuwa mai haƙuri ce, ba ta kuka da wuri. Sai ta galabaita ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ciki ya kumbura.

Jiki amana ne, tawakkali kuma ba ya kore riƙo da sababi. Don haka ka je a auna jininka, ka gaya wa likita duk abin da kake sha, har jiƙo da sassaƙe, kada ka haɗa wa kanka magani da ka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.